Nawa Ne Cefane? Arziki da Talauci a Ƙagaggun Labaranmu

Duk mai karanta littattafan da ake turowa ta waya a 'yan shekarun nan ya san wannan shafin, ko da ya manta sunan littafin. Maigadi ya wangale ƙofa, motoci uku sun shigo a jere, saurayi ya fito daga ta tsakiya. Za a faɗa mana sunan motar, da na agogon hannunsa, da turaren da ya fesa, da ƙasar da aka sayo masa takalmi. Za a shiga da mu falo a ƙirga mana kujeru da labule. A babi na gaba kuma sai a kai mu wani lungu, gidan ƙasa, inda wata kyakkyawar yarinya ke suyar awara a ƙofar gida, mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta na kwance ba lafiya. Tun daga nan mun san inda za a kwana. Bayan kuka da makircin dangin miji, mai awara za ta tare a gidan mai motoci.

Mu ma muna karanta irin wannan labari, kuma sau da yawa yana hana mu barci, don haka ba ba'a muka zo yi masa ba. Abin da ya dame mu tambayoyi biyu ne da ba ya amsawa. Ta farko, daga ina kuɗin saurayin suka fito? Ta biyu, nawa yarinyar take samu a awarar, kuma me yake iya saya mata? A ganinmu da waɗannan tambayoyi biyu za a iya auna duk wani ƙagaggen labari da ya taɓo arziki da talauci, tun daga na zamanin Turawa har zuwa na WhatsApp. Littafin da ya amsa su ya nuna mana yadda mutane suka rayu. Wanda ya tsallake su ya nuna mana abin da mutane suka yi mafarkinsa kawai.

Zamanin gyaɗa

A 1933 ne Rupert East ya shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko. Lokacin shekara ashirin da 'yan kai ke nan da isowar layin dogo Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin da manomi ke nomawa don ya sami kuɗin haraji, fatake irin su Alhassan Dantata sun zama manyan dillalanta. Kuma a daidai waɗannan shekaru kasuwar duniya ta karye, farashin gyaɗa ya faɗi, haraji kuwa yana nan. Mai karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba zai ji ɗuriyar wannan ba. Alhaji Imam ya bar gida, ya yi yawon duniya, sun yi ta ja-in-ja da Malam Zurƙe, ya dawo da ruwan da ya je nema, ya zama mai daraja da dukiya. Arziki a nan ladan wayo ne da naci da sa'a. Littafin raha ne, kuma babu mai neman lissafin haraji a cikin raha, amma shi ya shimfiɗa tabarmar da har yau muke zaune a kai: tauraro ya fita da hannu biyu, ya dawo da dukiya, ba a tambayi gumin wa ke cikinta ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ɗan matso kusa. Abubakar yana son Zainab, Malam Shehu mai dukiya ya shigo ya aure ta, baƙin cikin Abubakar ya kai shi ga neman asirin da ya lalata ɗan da aka haifa. A nan mun ga abin da dukiya ke iya saya da abin da rashinta ke ƙwacewa. Sai dai dukiyar Malam Shehu tana nan ne kamar dutsen da aka tarar a gari, ba a ce ga yadda ta taru ba.

Wanda ya fi su duban ƙasa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu, ya zama shaihi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ta ƙetare Sahara cikin wahala da wulaƙanci. Hanyar fatauci ɗaya ce ta ɗauke su duka biyu, ta ɗaga ɗan, ta niƙe uwar. Ɓalewa bai yi wa kowa huɗuba a kan haka ba, ya dai ajiye rayuwar biyu gefe da gefe. Littafin ya fito a 1934, dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya kuwa sai a 1936 aka yi ta. Ke nan a cikin waɗanda suka fara karanta shi akwai masu kallon bayin gidansu, akwai kuma 'ya'yan bayin.

Zamanin fetur

Sai man fetur ya zo. Naira ta maye gurbin fam a 1973, a 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka cika gari da babura da rediyo da firji. A daidai wannan lokaci fari ya cinye amfanin gona da dabbobi a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Ɗan birni yana sayen sabon babur, ɗan'uwansa na ƙauye yana sayar da saniyarsa a wulaƙance. A 1980 manoman da aka tasa daga gonakinsu saboda madatsar ruwa ta Bakolori suka tare hanya suna neman diyya, aka turo 'yan sanda, aka kashe mutane. Madatsar ci gaba ce, babu musu. Tambayar ita ce ci gaban wa, kuma wa ya biya.

Marubutan wannan zamani sun ji wannan tambaya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya shigo birni neman arziki, ya faɗa hannun ɓata-gari. Littafin ya ga yadda birni ke zuƙe ƙauye, amma maganin da ya bayar nasiha ce: a koma gona. Ya dace da kiran gwamnatin lokacin, wadda ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976. Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne dalilin da ya sa gonar ta daina riƙe saurayi tun farko. Yaro ba ya barin tuwo ya tafi neman kitsen rogo sai in tuwon ya yi kaɗan.

Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito daga gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya a 1982, shi ne ya amsa tambayarmu ta farko kai tsaye. Alhaji Gabatari attajiri ne, kuma littafin bai bar mu muna kallon rigarsa ba. Ya kai mu inda kuɗin ke fitowa: fasa-ƙwauri, da cin hanci, da jami'an da aka saye, da yaran da ke yi masa aikin dare. Mai karatu yana rufe littafin ya san cewa gidan Alhaji da aljihun ma'aikacin da ya kau da kai igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Irin wannan rubutu shi ne ke mayar da arziki abin da za a iya bincika, a ce ga mafarinsa, ga wanda ya cutu.

Lissafin Rabi

Tambaya ta biyu kuwa mace ce ta amsa ta. Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Daga nan aka sami abin da ake kira adabin kasuwar Kano. An daɗe ana yi masa kallon labaran soyayya kawai, alhali a ƙarƙashin soyayyar kusan kullum maganar kuɗi ce. A In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, abin da ya shiga tsakanin Sumayya da Muhammad har ta faɗa rijiya shi ne talaucinsa da dukiyar Abdulƙadir. Rigimar Jiki Magayi ce ta dawo bayan shekara hamsin da wani abu, ta tarar da mota da gidan bene.

Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya yi abin da ba a saba yi ba. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana da abin da zai kashe wa mace a waje, matarsa Rabi kuwa da 'ya'yanta tara suna fama da ɗan abin da yake ajiyewa na cefane. Da ya kore ta saboda amarya, sai muka bi ta muka ga yadda ake neman ɗakin haya, da yadda ake fara sayar da abinci, da yadda ake haɗa kuɗin makaranta. Balaraba ta gane wani abu da masana tattalin arziki suka daɗe suna faɗa da dogon Turanci: samun maigida daban, abin da ke shiga tukunya daban. Ana iya samun talaka a cikin gidan mai kuɗi. Rata ba tsakanin unguwa da unguwa kaɗai take ba, tana nan tsakanin turaka da madafa.

Littafin bai kuɓuta daga tsohuwar tabarmar ba gaba ɗaya. 'Yar Rabi, Saudatu, ta auri wani attajiri, wannan aure ya sauƙaƙa abubuwa da dama, gobara kuma ta zo ta karya Alhaji Abdu kamar an aiko ta. Duk da haka, abin da ke zama a ran mai karatu shi ne Rabi a gaban murhu, tana ciyar da gida da guminta, sannan a ƙarshe a taru a matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta. Wanda ke son sanin yadda matar aure mai 'ya'ya ta rayu a Kano a ƙarshen shekarun 1980 zai samu a wannan littafi abin da ba zai samu a rahoton gwamnati ba.

An ci gaba, amma wa?

Kada a ɗauka muna cewa da ta fi yanzu. Wannan ma wani mafarkin ne. Kakanninmu sun binne 'ya'ya saboda agana, cutar da aka shafe daga doron ƙasa a 1980. A 1960 tsawon ran da ake sa ran jaririn da aka haifa a Nijeriya zai yi bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 50. Kafin 2001 wayar tarho ta gidajen manya ce da ofisoshi, yau mai awara tana karɓar kuɗin ciniki ta waya. Sarkin da ya fi kowa dawaki a ƙarni na 19 bai taɓa shan maganin da ke kashe zazzaɓi cikin kwana uku ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma marubucin da ya musa shi ya yi wa tarihi ƙarya.

Sai dai wasunmu da ke aikin rubuta manhajar kwamfuta mun koyi tsoron lissafin da ake kira matsakaici. In mai naira biliyan ɗaya ya shiga rumfar mai shayi ya tarar da leburori tara, lissafi zai ce kowane mutum a rumfar yana da miliyan ɗari. Lissafin daidai ne, leburorin kuwa ko kuɗin ƙarin burodi ba su samu ba. Sai an fasa jimlar an duba kowane layi ake ganin gaskiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62 ne. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. Na 2024 naira 70,000 ne, wanda bai kai dala 50 ba. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, waɗanda suka riƙe dubban gidaje, da yawansu sun zama kango. Yankin da ya haifi mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka shi ne kuma yankin da waɗannan alƙaluma suka fi yi wa nauyi.

To, a wannan ƙasa ce ake rubuta labarin mai motoci uku da mai awara. Idan aka duba da kyau, labarin irin lissafin rumfar mai shayi ne. An ɗauko wanda ya fi kowa da wadda ta fi kowa rashi, an ɗaura musu aure, an raba biyu, kowa ya ji daɗi. Mutanen da ke tsakani, waɗanda su ne mafi yawanmu, sun ɓace: malamin firamare da albashinsa ke ƙarewa ran goma ga wata, ɗan adaidaita da ke biyan balas kullum ko ya samu ko bai samu ba, nas ɗin da ke aikin dare, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya koma gadi, manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga. In sun fito ma, sukan fito ne a matsayin direba ko 'yar aiki, su buɗe ƙofa su koma.

Akwai hujjar da ake kawowa, kuma tana da ƙarfi. Wadda ta wuni tana lissafin mudun shinkafa ba ta son ta buɗe waya da dare a sake yi mata lissafin. Tana son ta shiga falon da babu zafi, ko na awa ɗaya ne. Marubuciyar ma sau da yawa da 'yan ɗaruruwan nairorin da masu karatu ke turo mata take yin nata cefanen, kuma ta san abin da ke sayuwa. Mun yarda da wannan. Ɗan Adam yana da haƙƙin yin mafarki, kuma Ruwan Bagaja ma mafarki ne.

Inda muka rabu da wannan hujja shi ne abin da mafarkin ke koyarwa in an maimaita shi sau dubu. Yana koyar da cewa dukiya ba ta da tarihi, daga sama take saukowa a kan kyawawa. Yana koyar da cewa talauci jarrabawa ce ta mutum ɗaya, wadda haƙuri da kyan fuska ke warwarewa, ba ruwanta da makarantar da babu malami ko asibitin da babu magani. Yana koya wa yarinya cewa ƙofar fita ɗaya ce, kuma namiji ne ke riƙe da makullinta. Yana koya wa saurayi cewa in bai da mota a shekara talatin to shi ba tauraro ba ne a labarin kowa, har da nasa. Mun yi imani da rabo, amma addinin da ya koya mana rabo shi ne ya koya mana cewa za a tambayi kowa dukiyarsa, ta ina ya same ta, ta ina ya kashe ta. Abin mamaki ne a ce adabin al'ummar da ta haddace wannan tambaya shi ne ya daina yin ta.

Kuma ko ta fuskar daɗin labari aka duba, asara ake yi. Attajirin da ba a san sana'arsa ba ba shi da abin tsoro, ba shi da abin ɓoyewa, don haka dole marubuci ya nemo masa ciwon so ko makircin kishiyar uwa don labari ya motsa. Alhaji Gabatari kuwa kowane dare yana da abin da zai iya tonuwa. Rabi kowace safiya tana da tambayar da dole ta amsa kafin yara su tashi. Kuɗin da aka san adadinsu suna da kaifi. Uwar da ke tsaye gaban mai kemis, an rubuta mata magani uku, kuɗin hannunta na ɗaya ne, tana cikin tashin hankalin da ya fi na duk wata hatsaniyar falo, kuma mai karatu ba ya bukatar a yi masa bayani, domin ya taɓa tsayawa a wurin.

Ba muna roƙon a daina labarin soyayya ba, ko a mayar da littafi takardar kasafin kuɗi. Roƙonmu ƙarami ne. In an faɗa mana sunan motar, a faɗa mana kwangilar da ta saye ta, da wanda bai sami rijiyar burtsatse ba saboda ita, ko kuma, in halal ce, a nuna mana shekarun da aka yi ana tara ta a Kantin Kwari ko Dawanau. In an kai mu wurin mai awara, a zauna da mu har ta ƙirga cinikin, ta cire kuɗin waken suya da mai da gawayi, mu ga abin da ya rage. A nuna mana abin da ya canza a gidansu tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur: wa ya daina zuwa makaranta, wane abinci ya bar tukunya, wace ziyara aka daina kaiwa saboda kuɗin mota. A nuna mana kuma abin da ya gyaru, kamar ƙanwarta da ta koyi ɗinki ta bidiyon waya, ko allurar rigakafin da ta sa ƙaninta bai bi yayyensa biyu ba.

Nan da shekara hamsin wani zai buɗe littattafan da muke rubutawa yau don ya san yadda muka rayu, kamar yadda muke buɗe Shaihu Umar da Alhaki Kuykuyo Ne. In abin da muka bari shi ne jerin sunayen turare da motoci, zai ɗauka dukkanmu a Maitama muka zauna, ya rasa gane dalilin da ya sa kakarsa take tattara ragowar tuwo ta shanya. Mai awara ta cancanci a rubuta ta tun kafin motar ta tsaya a ƙofar gidansu, kuma ta cancanci a rubuta ta ko da motar ba ta zo ba.